Lambar da ke Ƙarƙashin Kwala

Da hannu biyu Umma ta miƙo min rigar, kamar mai miƙa jariri.

"Kwalar ce ta fara cinyewa," ta ce. "Ki kama min ita a hankali, Auta. Ban ce ki wanke ba, ban ce ki goge ba. Idan ƙanshin nan ya fita ban san inda zan samo wani ba."

"To Umma."

"Kuma kada ki jefa ta cikin tarkacen yadukanki."

"Umma na ji."

Saura kwana biyu Yayana ya cika shekara uku da rasuwa. Sojan ruwa ne. Shekarunsa ashirin da uku lokacin da aka harbi jirginsu ana tsakiyar yaƙi, wuta ta kama ɗakin injin da yake aiki. Ba mu ga gawa ba, ba mu da kabarin da za mu je mu tsaya a kai. Abin da ya dawo mana jaka ce guda ɗaya mai ruwan toka, da riguna biyu a ciki, da wando, da reza, da kofin ƙarfe. Farar rigar nan ita Umma ta zaɓa. Sau nawa ina shiga ɗakinta in tarar ta kifa fuska a cikinta, kafaɗunta na rawa. Ni ma na sha yi, in ta fita unguwa.

Wanda ya kawo jakar abokinsa ne na jirgi, wanda Yaya ke kira Bahago a duk wasiƙunsa. Kuma a nan kunyata ta fara, don a zaman makokin Yayana na fara kallon idanun wannan mutum. Mutane na ta salati, ni ina satar kallon yadda yake riƙe kofin shayi da hannun hagu. Na yi istigfari, na ƙara, na hana kaina fitowa in ya zo gaida Umma. Duk a banza. Kafin shekara ta zagayo na san zuciyata ta gama zaɓenta.

Umma na son Bahago, ko ba komai shi ya kawo mata kayan ɗanta. Amma ranar da ya buɗe baki a kan maganata sai ta ɗaure fuska.

"Teku ta ci min ɗaya. Ba zan ɗauki wadda ta rage min in zaunar da ita jiran wani sojan ruwan ba."

Shekara biyu muna lallaɓa ta. Sai watan jiya ta ɗan sassauto, ta ce mu bari a yi addu'ar cikar shekara uku, a ranar za ta ba mu amsa a gaban Kawu. Shi kuwa Kawu, ƙanin Umma da ke tsaye a kanmu tun rasuwar Abba, ya daɗe da nasa ɗan takarar: Mai Hoto, wanda shagonsa ke kallon shagon ɗinkina.

"Mutum ne da ƙafarsa ke kan ƙasa," in ji Kawu. "In ya fita da safe kin san inda zai kwana."

Na shimfiɗa rigar a kan teburin yanka, na share wurin sau biyu tukuna. Ina neman farin zare kenan na ji sallamar Mai Hoto.

"Gimbiyar masu allura, a taimaka wa bawan Allah da kallo ɗaya mana."

"Ina aiki."

"Ni ma aiki ne ya kawo ni." Mai Hoto ya zaro tef daga aljihu yana murmushi. "Kawu bai gaya miki ba? Akwatin gilashi nake haɗa wa Umma, a sa rigar marigayi a ciki da hotonsa a gefe, ƙura ba ta taɓa ta. Kyauta ce daga suruki. Awo kawai zan ɗauka."

"Ka wanke hannunka?"

"Kai, wannan tsare gida! Na wanke, ranki ya daɗe."

Ya auna faɗi, ya auna tsawo, yana rubutawa a bayan hoton Yaya da ya zo da shi. Sai ya ɗaga kwalar don ya ga yadda za ta kwanta. Na ga hannunsa ya tsaya. Ya dubi rigar, ya juya hoton, ya sake duban rigar.

"Ikon Allah. Marigayin lamba biyu gare shi ne?"

"Me kake nufi?"

"Zo ki gani."

A ƙarƙashin kwalar, can inda take naɗewa, akwai wani siririn ƙyalle da aka ɗinka lamba a kai da baƙin zare. Haka sojojin ruwa ke yi, Yaya ya taɓa ba ni labari: wankinsu a haɗe ake yi, rigunansu duk iri ɗaya, don haka kowa ke ɗinka lambarsa da hannunsa. Lambar Yaya na haddace ta kamar sunana, ni ke rubuta ta a bayan ambulan duk wata: 3068. Ita ce kuma a jikin allon da ya riƙe a hoton.

Wadda ke jikin rigar 3125 ce.

Wuta ta ɗauke min. Ita ma na san ta. Ita nake rubutawa a bayan wasu ambulan ɗin, waɗanda nake ɓoyewa cikin littafin awo kafin in kai gidan waya. Ko da ban san lambar ba, ɗinkin kansa ya ishe ni shaida, duk zaren ya karkata ta baibai, irin na mai riƙe allura da hagu.

Mai Hoto ya karanci fuskata tsaf. Ya yi wata 'yar dariya ƙasa-ƙasa.

"Ashe kin san mai ita."

Na janye rigar daga gabansa.

"Innalillahi. Tsohuwa shekara uku tana shaƙar zufar ƙaton da ke zuwa yana shan shayinta! Ya zo da tsummansa ya sayi gida sukutum, har da 'yar gidan."

"Ka iya bakinka."

"Ai shi nake ƙoƙarin iyawa." Ya naɗe tef ɗinsa a hankali. "Ni ba mai tona asiri ba ne, Auta. Ki je ki ce wa Kawu kin yi tunani, kin amince da ni. Ni kuma jibi in kwantar da kwalar nan in rufe gilashi, har abada ba mai ɗaga ta. In kuwa kin ƙi, to wallahi ba zan iya kallon ana cutar Umma in yi shiru ba."

"Fita daga shagona."

"Na fita. Gobe da yamma ina jiran saƙo."

Ban san yadda na rufe shagon ba. Na sa rigar a jakata, na tari mota zuwa tashar jiragen ruwa, rana na tsakiyar kai. Tun bayan yaƙi aka mayar da Bahago rumfar gyaran injina da ke bakin ruwa. Na same shi a sunkuye kan wani inji, hannuwansa baƙi ƙirin da mai. Da ya ɗago ya gan ni fuskarsa ta washe, sai kuma ta koma yadda take da ya ga idona.

"Lafiya? Umma ce?"

Na ja shi bayan rumfar, inda aka tara tsofaffin igiyoyi. Na fito da rigar na ɗaga kwalar a gabansa.

Bai kai hannu ba. Ya dube ta na ɗan lokaci, sannan ya sulale ya zauna a kan igiyoyin.

"Ka ce min kuskure ne," na ce. "Ka ce a ɗakin wanki aka cakuɗa. Ka faɗi komai, zan yarda."

"Tawa ce."

"Rigar kawai?"

"Duka. Jakar, da wandon, da rezar, da kofin. Babu ko zare ɗaya na Yayanki a ciki."

Na dafa bango. Ƙarar guduma na tashi a cikin rumfar, wani na dariya, duniya na tafiyarta ko a jikinta.

"Me muka yi maka?"

"Auta, ki saurare ni."

"Na ce me muka yi maka? Ka san sau nawa na kifa fuskata a rigar nan ina kiran sunan Yayana? Ka san ina yi mata magana? Ashe kai nake..." Na kasa ƙarasawa. Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, na ji ina ma ƙasa ta tsage in shige.

Hawaye suka zubo masa, ya sa bayan hannu ya share, baƙin mai ya ja masa layi a kunci.

"Ɓangaren da akwatunanmu suke biyu ne," ya ce. "Nasa yana kusa da ɗakin inji, ya ƙone ƙurmus. Na shiga da kaina bayan an kashe wutar, na tona toka da hannuna, ban samu ko maɓalli ba. Da aka ba ni hutun kwana uku na ce ni zan zo in yi muku gaisuwa. Daga jirgi na taho kai tsaye, jakata a kafaɗa. Tun a mota nake shirya yadda zan ce babu abin da ya rage."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Ina yin sallama Umma ta fito da gudu, ko mayafi babu. Ba ta dubi fuskata ba, jakar ta duba. Ta ce, 'Kayansa ne?' Kafin in buɗe baki ta fizge ta, ta zube a ƙasa ta zuge, ta zaro rigar nan ta kai hanci. Sai ta ce, 'Wallahi ƙanshinsa ne. Ɗana ya dawo min.'"

Na tuna ranar. Ina tsaye a bayan ƙofa, na ga komai, na ji komai.

"Ƙanshinmu duk ɗaya ne, Auta. Sabulu ɗaya ake raba mana, mai ɗaya muke shafa wa inji, gishiri ɗaya ke kama mana kaya. Ba ƙarya ta yi ba, haka yake ƙanshi. Ni kuma na tsaya kamar gunki. Na ce in ta ɗan natsu zan faɗa. Da ta natsu na ce gobe. Na koma jirgi daga ni sai kayan jikina, aka hore ni kan na zubar da kayan aiki, na karɓa ban ce uffan ba. Daga nan duk zuwan da na yi gidanku da niyyar faɗa nake zuwa. Sai in tarar da rigar a kan cinyarta."

"Ni fa? Ni ma ba ka iya gaya min ba?"

"Tsoro na ji."

"Na me?"

"Kada ki dube ni yadda kike dubana yanzu."

Na durƙushe a gabansa ina kuka, shi ma yana yi. Haushinsa nake ji kamar in shaƙe shi, tausayinsa kuma na neman kashe ni. Da na samu numfashi na ba shi labarin Mai Hoto da sharaɗinsa. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi.

"To shi kenan. Jibi ni zan faɗa da bakina kafin ya faɗa."

"Ba za ka faɗa ba!"

"Auta..."

"Ka san abin da zai faru? Rigar nan ce kawai ke riƙe da Umma. Ita ce kuma ta sa take buɗe maka ƙofa. Ka ƙwace mata ita a ranar addu'ar ɗanta, sannan ka ce ta ba ka 'yarta? Shekara biyu muna jiran jibi!"

"Na yi shirun shekara uku. Kin ga inda ya kawo mu."

"In kana sona ka ƙara kwana ɗaya a kai. Ka zo, ka zauna, ka yi addu'a, ka rufe bakinka. Sauran ka bar min."

"Me za ki yi?"

"Ka yi min alkawari."

Ya sunkuyar da kai yana kallon hannuwansa. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ni kuwa na ɗauki shirun a matsayin abin da nake so, na miƙe na tafi.

Washegari da safe na shiga shago na ja labule. Na zauna na daɗe ina kallon ɗan ƙyallen. Na gaya wa kaina don Umma zan yi. Na maimaita har sau uku, amma can ƙasan raina na san rabin gaskiya ce, ɗaya rabin don kaina ne.

Na ɗauki ƙaramin almakashi na tsinke zaren Bahago ɗaya bayan ɗaya. Na zaɓi baƙin zaren da ya fi tsufa a akwatina, na murza shi a tafin hannu don ya dusashe. Sannan na zura allura.

Uku. Sifili. Shida. Takwas.

Hannuna bai yi rawa ba, kuma wannan ya fi komai ba ni tsoro. Shekara tara ina ɗinki, ban taɓa yin aikin da ya fita tsaf kamar wannan ba. Da na gama na gyara bakin kwalar da Umma ta aiko ni, na naɗe rigar. Ina ɗagowa idona ya faɗa cikin madubin da masu gwada kaya ke dubawa, na yi sauri na kawar da kai.

Da yamma Mai Hoto ya leƙo.

"Ina saƙona?"

"Ka kawo gilashinka gobe," na ce. "Ka ɗaga duk abin da kake son ɗagawa."

Ranar addu'ar, tun hantsi falonmu ya cika. An ɗauke kujeru an shimfiɗa darduma, maƙwabta sun zo, an yi karatu, an roƙa wa Yaya rahama da shi da duk waɗanda ruwa ya rufe. Umma na zaune a kusurwa, rigar a kan cinyarta. Bahago na kusa da ƙofa cikin kakinsa, tun shigowarsa bai ɗaga kai ba. Ni ina ta zirga-zirga da tiren shayi don kada in zauna kusa da kowa.

Bayan azahar baƙi suka watse, ya rage Umma da Kawu da ni da Bahago. Sai ga Mai Hoto ya shigo rungume da akwatin gilashinsa, ya jingine shi a bango, ya durƙusa ya yi gaisuwa.

"Madalla da kai," in ji Kawu. "Kin gani ko? Wannan shi ne mai tunani."

"Kawu, kafin a sa rigar akwai magana." Mai Hoto ya gyara murya, ya yi fuskar tausayi. "Wallahi da nauyi nake faɗa. Rigar da Umma ke riƙe da ita ba ta marigayi ba ce. Ta wancan ce, da ke zaune a bakin ƙofa. Lambarsa na nan ƙarƙashin kwala, na gani da idona."

Umma ta ƙanƙame rigar a ƙirjinta.

"Kana cikin hankalinka?" Kawu ya daka masa tsawa.

"A duba. In ƙarya nake a kore ni."

Da ƙyar Kawu ya lallashi Umma ta saki. Ya ɗora tabarau, ya ɗaga kwalar, ya karɓi hoton ya kara a gefe.

"Uku, sifili, shida, takwas," ya karanta. Ya sake karantawa. Sannan ya cire tabaran ya dubi Mai Hoto daga sama har ƙasa. "Lambar ɗanmu ce. Kai, ashe haka kake? Don neman aure ka zo ka tayar wa uwa hankali ranar addu'ar ɗanta? Ni da nake yabonka a ko'ina?"

"Kawu na rantse shekaranjiya..."

"Rufe min baki! Kwashi gilashinka!"

Mai Hoto ya waigo ya dube ni, bakinsa a buɗe. Na sunkuyar da kai ina jera kofuna a tire. An gama, na ce a raina. Umma ta tsira da rigarta, na tsira da Bahago, wanda ya zo tona mu shi ya ji kunya. Na saki wani numfashi da na riƙe kwana biyu.

"Gaskiya ya faɗa."

Kofi ya suɓuce daga hannuna.

Bahago ya taso daga bakin ƙofa, ya tako har gaban Umma, ya zube a kan gwiwoyinsa.

"Umma, rigata ce. Jakar ma tawa ce. Kayansa sun ƙone tare da jirgi, babu abin da ya fita. Ranar da na zo kika karɓe ta daga kafaɗata, na kasa ce miki ba tasa ba ce. Shekara uku ina cin abincinki da wannan a cikina. Ba zan bari a kori mutum da sunan maƙaryaci a kan gaskiyar da ni ya kamata in faɗa ba. Ki yafe min, ko kada ki yafe, duk wanda kika yi daidai ne."

"Wai yau me ke damun yaran nan?" Kawu ya ɗaga kwalar yana nuna masa. "Ga lamba a rubuce! Ko idona ne ya mutu?"

Bahago ya dubi lambar. Na ga lokacin da ya gane. Bai juyo ya kalle ni ba, ya dai runtse ido, kuma da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

"Miƙo min," in ji Umma.

Muryarta a kwance take, babu kuka a ciki. Umma ba ta yi karatun zamani ba, lamba a wurinta zane ne kawai. Ta karɓi rigar ta matsa kusa da taga, ta ɗora babban yatsanta a kan ɗinkin, ta bi shi a hankali daga farko har ƙarshe. Ta juya bayan ƙyallen ta dubi ƙullin.

"Ɗana ko maɓalli ya ɗinka sai ka rantse da igiya aka ɗaure," ta ce. "Wannan ba hannun namiji ba ne." Ta sake shafa ƙullin. "Ni ke ninka zare sau biyu in ɓoye bakinsa a ciki. Mutum ɗaya na koya wa a duniya."

Ta ɗago.

"Auta."

Na rarrafa na isa gabanta, ban san lokacin da na faɗi ba.

"Umma ki yi min rai. Don kada ranki ya ɓaci na yi, wallahi don..."

"Yaushe?"

"Jiya."

"Da wane hannun kika miƙo min ita jiya da yamma? Har kina ce min, 'Umma ga rigar Yaya, ban bari ƙanshin ya fita ba.'"

Kuka ya ci ƙarfina. Na kama ƙafafunta, ta bar ni na riƙe, amma kamar itace na kama.

Kawu sai salati yake. Mai Hoto ya ɗauki akwatin gilashinsa ya sulale, babu wanda ya ce masa sai anjima.

Umma ta daɗe tana kallon rigar. Sai ta kai ta hanci, ta shaƙa sau ɗaya, doguwar shaƙa, hawaye suka gangaro mata. Ta naɗe ta yadda ta saba, hannu a ciki, kwala a sama, ta ɗora a kan tafukan Bahago.

"Karɓi kayanka."

"Umma..."

"Kai bakinka ne ya mutu a ƙofata. Na san wannan, ni ma ban ba ka damar buɗe shi ba ranar. Kuma yau da ka yi shiru da ka tashi da duk abin da ka zo nema, amma ka buɗe baki. Ɗana bai yi zaɓen banza ba da ya kira ka aboki." Ta share fuska da gefen mayafinta. "Ita kuwa zama ta yi. Ta zaɓi zare, ta zura allura, ta rubuta min ɗana a jikin rigar wani, don ta san uwarta ba ta iya karatu ba."

"Umma ba haka ba ne! Wallahi ba haka ba ne!"

Ko kallona ba ta yi ba. Ta juya wajen Kawu.

"Kawun yara, na yi alkawarin amsa yau. Ka sa masa rana ya turo manyansa."

Kawu ya zaro ido. "Yanzu bayan duk wannan?"

"Na ba shi. Kada a ja lokaci." Ta dafa bango ta miƙe, ƙafafunta suka zame daga hannuna. "Ya zo ya ɗauke ta. Wataƙila in ta yi nisa Allah zai sa in yi kewarta. Yanzu dai ba na iya kallonta."

Kalmar da na yi shekara biyu ina roƙo a kowace sujada, ga ta an ba ni. Na ji ta sauka a kaina kamar ruwan zafi.

"Umma," na kira. "Umma. Don Allah Umma."

Ta kai ƙofar ɗakinta ta tsaya, ba ta waigo ba.

"Kai, taso ka shigo. Tunda babu riga, ka zo ka ba ni labarin ɗana, tun daga ranar da kuka haɗu har ranar da wuta ta kama. Kada ka rage min komai, kada ka gyara min komai."

Bahago ya miƙe da rigarsa a hannu. Da ya zo wucewa ta gabana ya ɗan tsaya, kamar zai ce wani abu.

"Kai nake jira," in ji Umma. "Ita ta kwashe kofuna."

Ya shiga. Aka turo ƙofar.

Na durƙusa a tsakiyar falon na fara tsince gutsattsarin kofin da na yar, ɗaya bayan ɗaya. Ta bayan ƙofar ina jin muryarsa ƙasa-ƙasa yana ba da labarin Yayana, labarin da ni ma ban taɓa ji ba, kuma ba a kira ni ba.